Lamba ta Takwas

Matan da suka je wanki ne suka fara ganinsa. Da farko sun ɗauka riga ce iska ta jefa cikin Babbar Tukunya, har ɗayarsu ta miƙa gora za ta jawo. Da rigar ta juya, sai ga fuskar Aku.

Tukwane dai ramuka ne da kogin ya fafe a jikin dutse, zagaye sumul kamar da hannu aka gina su. Wata ba ta wuce turmi ba, wata kuwa sai ta haɗiye ɗaki. Tun da kamfani ya rufe ramin haƙar ma'adini shekara goma sha takwas da suka wuce, su ne ke riƙe da ƙauyen. Baƙi kan zo a mota, su taka da ƙafa tafiyar sa'a guda su ga tukwane, sannan su haura su kalli abin da ya rage na kamfani: layin dogon da ya yi tsatsa, ofis ba rufi, da ɗakin fitilu. Aku ne mai rakiyarsu. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba ya shiru ko yana cin abinci.

Mai gari ya aika a kira Mai Sawu. Shi ne duk wanda akuyarsa ta ɓata ko ɓarawo ya shiga masa gona yake nema. Amma ɗan aiken ya dawo da 'yar wansa, wadda ya raina tun tana shekara shida, wadda ƙauyen ke kira 'Yar Boko saboda ita kaɗai ta yi karatu mai zurfi ta kuma dawo.

"Baffa ba ya jin daɗi," ta ce. "Ya ce in zo."

"To fa!" in ji wani daga baya. "Yau da biro za a bi sawu."

Ba ta ko waiga ba. Shekara nawa tana jin irin wannan? Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ce kowa ya ja baya, ta durƙusa a kan ɗan yashin da ke tsakanin duwatsu. An riga an tattake wurin, amma a gefe, inda inuwa ta hana yashi bushewa, akwai taku biyu da ba a taɓa ba. Kusa da su kuma silifa ɗaya na Aku, da wurin da ƙafa ta zame a kan gansakuka.

"Ba shi kaɗai ba ne," ta ce da ƙarfi, don mai maganar biro ya ji. "An yi kokawa a nan. Kuma ɗayan yana sanye da takalmin 'yan rami, mai ƙusoshi a ƙasa. Layi uku a gaba, ƙarfe mai siffar kofato a dunduniya."

Sai matar Aku ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara.

"Kurma! Wallahi Kurma ne! Shekaranjiya ya mare shi a gaban baƙi!"

Mutum ɗaya ne a ƙauyen yake yawo da takalmin kamfani har yau, rani da damina. Kafin 'Yar Boko ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, samari sun riga sun haura. Mai gari ya yi ta maza ya ƙwace tsohon daga hannunsu da kai a fashe, ya kulle shi a tsohon ɗakin ajiyar nakiya, ya buga waya gari. Aka ce ɗan sanda zai iso gobe da hantsi.

Mai maganar biro ya zo ya wuce ta gabanta yana jinjina kai. "Ashe dai an iya." Ta ji daɗin maganar. Daga baya, duk lokacin da ta tuna wannan daɗin, sai ta ji kamar ta tofar da yawu.

*

Ɗakin nakiya ba shi da taga, sai wata kafa mai ƙarafa a jikin ƙofa. Kurma na zaune a ƙasa, jini ya bushe masa a gira. Shi ne mai fasa dutse a zamanin kamfani, aikin ne ya cinye masa kunnuwa. Yana magana, amma da ihu, don ba ya jin kansa. In kana so ya gane ka, sai ka bari ya ga bakinka.

"Kawu, ka mare shi?" ta tambaya a hankali.

"Na mare shi! In ya tashi ma zan ƙara!"

"Me ya yi maka?"

"Tsayar da ni ya yi a gaban mutane kamar jaki a kasuwa! Yana buga gwangwani a bayana suna dariya, wai su gani ko zan juyo! Suna ɗaukar hotona!" Ya ɗago ya dube ta. "Amma ban bi shi kogi ba, 'yata. Ni da na tono gawa da hannuna, me zan yi da wata?"

"Miƙo min takalminka."

Ya cire ɗaya ya turo ta kafar. Ta juya shi. Fatar ta sha faci har ba a gane asalinta, ƙusoshin kuwa sun cinye sun koma sumul kamar bayan cokali. Kofaton dunduniya ma babu, ya faɗi tun tuni. Wannan takalmin ko a kan laka aka danna shi ba zai bar layi uku ba.

Ta je ta gaya wa mai gari. Ya dube ta a gajiye.

"Da safe kin ce takalmi, yanzu kin ce ba takalmi ba. 'Yata, mutanen nan jira suke in buɗe ƙofar. In kina da wani, kawo shi kafin hantsin gobe. In babu, hukuma ta tafi da wanda ke hannu."

*

Tana isa wurin direban da ke kawo baƙi, ya fara rantsuwa. Yana ƙarƙashin motarsa, ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, da wani dogon karce a damtse.

"Na san abin da ya kawo ki. An ce miki mun yi faɗa jiya."

"Kun yi?"

"Kullum muna yi. Mutumin da zai ce wa fasinjana motata ta girmi kakarsu? Wannan karcen kuwa ga mai shi nan," ya shuri ƙofar motar, wadda aka ɗaure da waya. "Duba ƙafata, Malama. Ni da takalmin rami? Ko kyauta aka ba ni, da me zan taka birki?"

Soso ne a ƙafarsa, ya lanƙwashe a dunduniya. Ta tambaye shi yaushe ya ga Aku na ƙarshe.

"Da la'asar. Ya rako baƙi har nan, na ɗebe su. Ina tayar da mota ya ce min zai koma kogi, wai yana dawowa ya hangi igiya ɗaure a bakin Babbar Tukunya. Cewa ya yi, 'Wani na yi min sata a asusu.'"

"Asusu?"

"Ba ki sani ba? Ai sabuwar dabara ya fito da ita. Ya ce wa baƙi duk wanda ya jefa abin ƙarfe a Babbar Tukunya buƙatarsa za ta biya. Makon jiya ma wata mata ya ba wa irin lambar nan ta ɗakin fitilu ta jefa, ana tafi." Sai ya tuna da wa yake magana. Ya sosa ƙeya. "Au. Yi haƙuri. An ce ta mahaifinki ce."

"Na sani," ta ce, ta juya.

Ta sani sarai. A zamanin kamfani kowane ɗan rami yana da lambar tagulla mai faɗin kwabo, da lambarsa a jiki. In zai sauka ƙasa sai ya rataye ta a allon ɗakin fitilu, in ya fito ya cire abarsa. Da yamma mai kula da fitilu ya dubi allo: in babu komai, kowa ya fito. Ranar da rami na uku ya rufta, lamba bakwai suka kwana a allon. Ba a taɓa samun masu su ba, ba kuma wanda ya taɓa cire su. Ta biyar daga hagu, sittin da ɗaya, ita ce ta ubanta. Ba shi da kabari, sai wannan ƙusar.

Kwana takwas da suka wuce ta shiga share ɗakin, kamar yadda take yi kowane mako, ta tarar da ƙusar tsirara. Lamba shida. Aku ya ce mata, yana dariya, ai tagulla ce kawai, zai sa maƙeri ya buga mata wata mai ƙyalli. Ta dawo gida a fusace, ta sami Baffa a kan tabarma yana shan shayi, ta sauke masa duka.

"An jefa ɗan'uwanka a ruwa ana tafi, kai kana nan kana hura shayi! Da ni namiji ce, Baffa, da ba a yi wannan a ƙauyen nan ba. Ashe babu namiji a gidanmu."

Ya ajiye kofin, bai ƙara taɓa shi ba. Ita kuwa tun ranar ba ta sake taka ɗakin fitilu ba.

*

Ta same shi a zaure, ya jingina da bango. Rana na dukan kwano kamar za ta narkar da shi, amma ya ɓalle rigarsa har wuya. Idanunsa, da yanar tsufa ta fara rufewa, suna kallon ƙofa.

"Uwata, kin dawo?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Na dawo, Baffa. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Me kika gani?"

"Takalmin rami."

"Takalmi na tambaye ki?" Muryarsa ta ɗan tashi, irin ta lokacin da take ƙarama yana yawo da ita a jeji da sanda. "Tun kina ina nake gaya miki? Kamfani ya raba wa mutum ɗari uku takalmin nan. Takalmi ba ya tafiya. Wa ke cikinsa? Dogo ne ko gajere? Sauri yake ko tsoro? Kin auna takunsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban auna ba."

"Kin ga jama'a, kin so ki burge."

"An fasa wa Kawu Kurma kai saboda ni."

Hannunsa ya tafi ƙirjinsa, ya lalubi wani abu a ƙarƙashin rigar, ya dawo kan cinya.

"Ba saboda ke ba," ya ce can. "Ɗauki sandata. Koma ki duba da kyau. Kada ki tsaya inda mutane suka tsaya."

*

Ta koma kogi ita kaɗai bayan azahar. Hanyar ta bi ta cikin ƙaya ta gangara kan faffaɗan dutse mai zafi, inda ruwa ke shiga tukunya ya fita ta wata yana gurnani. Ba ta tsaya a bakin Babbar Tukunya ba. Ta yi zagaye mai faɗi, kamar yadda aka koya mata, tana ƙara buɗe shi.

A jikin wani kututture ta ga inda igiya ta ci ɓawo. An ɗaura, an sauka, an hau, kuma ba sau ɗaya ba: zobe biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Wanda ya ɗaura igiyar ya shiga ramin sau biyu.

Daga nan mutumin ya guji yashi. Dutse zuwa dutse yake bi, kamar wanda ya san abin da mai bin sawu ke nema. Amma ƙusa sabuwa ba ta taka dutse ta tafi a banza. Ta kwanta rub da ciki ta kalli dutsen ta gefen rana, sai ga ƙananan karce fari-fari, uku-uku. Takalmin da aka daɗe ana ajiya ne, ba a sawa.

Ta bi karcen har ya haura gangare, gwiwoyinta suka sale, ƙaya ta yage mata zane. Sau biyu ta rasa shi, sau biyu ta koma baya ta faro. A saman tudu dutse ya ƙare, dole mutumin ya taka ƙasa. Ta ɗora sandar Baffa tsakanin taku da taku: kamu ɗaya da tafin hannu. Ta ƙara aunawa. Kamu ɗaya da tafin hannu. Sau goma, ba ƙari ba ragi. Ƙafar babba ce, ta dogon mutum, amma takun gajere kamar an ɗaure masa ƙafafu.

Ba ta gane dalili ba sai da sawun ya hau tsohon dogo. An daɗe da kwashe katakan da ke ƙarƙashinsa an yi girki da su, sai guraben da suka bari a ƙasa. Kowane taku ya faɗa daidai cikin gurbi. Masu tura amalanken ƙarfe daga bakin rami zuwa wurin wanki, a kan katakan nan suke taka ƙafa, safe da yamma, shekara da shekaru, har ƙafar ta manta da wani taku. Kurma bai taɓa tura amalanke ba. In yana tafiya kamar zai tsallake rijiya yake.

Masu turin amalanke huɗu suka rage a ƙauyen. Ɗaya ya makance. Ɗaya ƙafa guda gare shi. Ɗaya yana wurin 'yarsa a birni tun bara.

Ta ƙi ƙarasa lissafin. Ta ce wa kanta wataƙila baƙo ne, wataƙila wani tsohon lebura ya dawo ganin wuri. Ta ci gaba da bi har sawun ya shiga ɗakin fitilu.

Ɗakin na nan yadda ta bar shi: kantocin da babu fitila ko ɗaya, warin jemage, hasken rana na shigowa ta hujin kwano. Ta ɗaga kai ta dubi allon.

Sittin da ɗaya ta dawo kan ƙusarta. An wanke ta, amma akwai sauran kore-koren gansakuka a cikin ramin rubutun.

Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa da yatsa. Takwas.

Ta takwas ɗin tana gefe, a ƙusar da ba ta taɓa ɗaukar komai ba tun da ta yi wayo. Sauran duk sun yi baƙi, ita kuwa tana ƙyalli kamar zinariya, irin ƙyallin abin da ya shekara goma sha takwas yana gogar ƙirjin mutum. Igiyar fata ce a jikinta, da ƙulli biyu. Ita ta yi ƙulli na biyun da hannunta, ranar da igiyar ta tsinke yana alwala.

Sittin da biyu. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, wa da ƙane.

Ta zauna a ƙasa cikin ƙura. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon allon, har hasken da ke shigowa ta hujin kwano ya tashi daga ƙafarta ya hau bango.

*

Da ta koma gida ta dafa abinci, ta kai masa, ta zauna a gefe. Ta jira ya yi magana. Ya jira ta yi. Cokali kaɗai ke ƙara.

"Gobe da safe zan tara mutane a ɗakin fitilu, Baffa," ta ce da ta zo ɗaukar kwano. "Ina so ka zo."

"Kin auna?"

"Na auna."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Zan zo, Uwata."

Tana iya zuwa da sassafe ta cire lambar ta jefa a rijiya. Ta yi tunanin haka, ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya gani sai ita. Amma duk lokacin da ta kai nan, sai ta ga tsohon da ke zaune a ɗakin nakiya da jini a gira, yana kiranta 'yata.

*

Ɗan sandan ya iso da hantsi, kofur ne mai tumbi, yana share gumi da hula. Ya so a miƙa masa mutum ya juya, amma mai gari ya ce a saurari yarinyar tukuna. Aka fito da Kurma. Direba ya zo, matar Aku ta zo da 'yan'uwanta, tsofaffin 'yan rami suka jeru a bakin ƙofa, don yawancinsu ba sa son shiga ɗakin. Baffa ya tsaya a can baya, da rigarsa a ɓalle har wuya.

"Jiya na yi kuskure," 'Yar Boko ta fara, kanta a sama. "Na faɗi rabin magana a gaban jama'a, aka fasa wa bawan Allah kai. Wannan nawa ne, na ɗauka."

Ta ɗaga takalmin Kurma ta nuna musu ƙasansa. Ta sa shi ya taka daga bango zuwa bango, ta auna da sanda, taku ɗayansa ya kusa biyu na wanda ta bi. Ta ce direba ba shi da hannu, ya tafi da baƙi kafin abin ya faru.

"To wa ke nan?" kofur ya ce. "Malama, ba lacca na zo ji ba."

"Wanda ya yi, ba Aku ya je nema ba. Abin da aka jefa a Babbar Tukunya ya je ɗaukowa. Kuma kafin ya tafi ya biyo ta nan. Ɗan rami ba ya sauka ƙarƙashin ƙasa bai rataye lambarsa ba, ko da ramin na ruwa ne, ko da kamfanin ya mutu." Ta matsa gefe daga gaban allon. "Mutum nawa rami na uku ya ci?"

"Bakwai," tsofaffin suka amsa tare.

"Ku ƙirga."

Ta ga leɓunansu na motsi. Ta ga lokacin da suka kai ƙarshe, da yadda ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai. Babu wanda bai san mai sittin da biyu ba. Babu kuma wanda ya waiga.

"Lambar wa ce?" kofur ya tambaya. "Kai, ku yi magana mana!"

Ta buɗe baki. Ta yi wa kanta alkawari za ta faɗa da bakinta, ba za ta bar wa kowa ba. Amma an riga ta.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

Mutane suka dare. Baffa ya taho da gajeren takunsa, kamu ɗaya da tafin hannu, har gaban allon.

"Na shiga na lalubo ta ɗan'uwana. Na fi sa'a a cikin ruwan. Ina fitowa na tarar da shi a tsaye. Ya ce duk abin da ke cikin tukunyar nasa ne, ya kama hannuna zai ɓanɓare. Na fizge. Ban tura shi ba, Allah na gani, amma na fizge da ƙarfi, kuma na san dutsen da santsi." Ya numfasa. "Na sake sauka. Na ɗago kansa. Ya riga ya tafi."

Matar Aku ta zube ƙasa tana kuka. Baffa ya juya wajenta, sannan ya juya wajen Kurma ya tsaya inda zai ga bakinsa.

"Wannan tsautsayi ne. Amma kwanan da ka yi a ɗakin nakiya, ni na sa ka. Ina ji aka tafi da kai, na zauna. Na ce bari in tashi, ƙafata ta ƙi. Tsoro na ji, abokina. Da tsufana."

Kurma ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, da ihunsa da ya cika ɗakin, "Da ka kira ni, ai da na riƙe maka igiyar!"

Ba wanda ya yi dariya.

Kofur ya ciro ankwa, ya dubi tsohon, ya mayar da ita aljihu. Ya ce su tafi.

'Yar Boko ta tare gabansu. "Baffa, ni na aike ka. Maganar da na gaya maka..."

"Ke kin faɗi magana. Ni na ɗaura igiya."

"Ka san zan gano. Kai ka ba ni sandar."

"Wa kike so ya gano ni? Bare?" Ya ɗan murmusa. "Kin bi sawu a kan dutse, Uwata. Ni ma sai da na shekara arba'in kafin in iya."

Wannan ne yabon da ta yi shekaru tana jira daga bakinsa. Ta juya da sauri don kada a ga fuskarta, ta miƙa hannu ga allon.

"Ka manta lambarka. Bari in ciro maka."

"Bar ta."

"Baffa..."

"Ɗan rami ba ya manta lambarsa. Da na dawo na rataye ta ɗan'uwana, na kai hannu kan tawa, na kasa." Ya gyara wuyan rigarsa. "Wanda ya fito ne ke cirewa. Ni ban fito ba."

Ta bi bayansu har inda mota take, ba ta kalli kowa ba, kowa kuma ya ba ta hanya. Mai maganar biro yana cikinsu. Wannan karon kawar da kai ya yi.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Da aka rasa mai rakiya, ita ta karɓa. Tana kai su tukwane, ta hana su jefa ko da tsinke, ta haura da su ta kan tsohon dogo zuwa ɗakin fitilu. Kullum sai an sami mai ido a cikinsu da zai karanta rubutun da ke bakin ƙofa, ya dubi allo, ya ce, "An rubuta mutum bakwai, amma lambobin takwas ne."

"Takwas ne," takan ce. "Ɗaya muna jiransa."

Ta takwas ɗin ta fara yin baƙi kamar sauran. Kowane mako, in ta gama shara, sai ta goge ta da bakin gyalenta.